Ba Sadaka a Kan Allo: Ga Malam Usaid na Samaru

Ranar Laraba, sha shida ga watan Yuli na wannan shekara ta 2025, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina zaune a barandar gidana a Sabon Gari sai wayata ta yi ƙara. Sunanka na gani, Malam Usaid. Na bar ta ta yi ta kuka har ta kusa tsinkewa, domin ina fushi da kai, kuma ina so ka san da haka. Na ma riga na tanadi maganar da zan fara yaɓa maka. Da na kara wayar a kunne, muryar ɗanka Umaru na ji. Ya ce, "Baba Martins, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Baba rasuwa ɗazu a asibiti. Bayan Azahar za a kai shi."

Na ce, "Wane asibiti?" Abin da ya iya fitowa daga bakina ke nan. Ban san kana kwance ba. Kwana takwas ka yi a gadon asibiti, ni kuwa ina nan ina kumbure-kumbure, ina jiran ka kira ka ba ni haƙuri.

Matata Janet ta tafi kasuwa, ni kuma tun da ɓarin jikina ya shanye ba na iya kai kaina bakin titi. Kafin a nemo ta, kafin a samo keke napep da zai yarda ya shigo layinmu cikin ruwan da ake tsugawa, kafin mu fita daga cunkoson Kwangila, lokaci ya tafi. Mun shiga layinku a Samaru daidai sa'ad da maza ke dawowa daga maƙabarta, kowa da jar laka a ƙafar wandonsa. Ban ga fuskarka ba, ban ga makararka ba. Lakar nan ita ce abin da na samu na jana'izarka.

Ga wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa bai san mu ba: ni ne Martins Sati, wanda a da yake gyaran agogo a bayan kasuwar Sabon Gari. Wanda nake yi wa magana shi ne Malam Usaid, malamin gona mai ritaya, abokin wasana na diraf shekara arba'in da ɗaya. Ni Kirista ne, shi Musulmi, kuma ban tuna ranar da hakan ya raba zamanmu ba, sai dai idan an kira salla ya tashi, ni kuma in tsare allo kada wani ɗan ganin dama ya taɓa masa ɗa a wasan. Ta'aziyya na zauna rubutawa, amma ba zan ɓoye ba, akwai roƙo a cikinta. Na yi wa mutumin nan laifi kwana goma sha ɗaya kafin ya rasu, kuma ban nemi gafararsa ba.

A 1984 ka fara zuwa shagona, Usaid, da wani agogon hannu da ya sha ruwan gona ya tsaya. Na ce ka ba ni rabin awa. A jikin shagona akwai shagon Baba Bamidele tela, a ƙofarsa kuma akwai dogon benci da allon diraf mai gida ɗari, inda mazan layin ke kashe yammaci. Ka tsaya kana kallo, hannu a baya. Da na fito da agogonka na tarar ka zauna, ka riga ka tashi mutum biyu. A lokacin ni ne zakaran bencin, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Na ajiye agogon na zauna gabanka. Ka ci ni sau uku a jere, sannan ka ɗaura agogonka, ka kara shi a kunne, ka ce, "Gyaran agogo dai ka iya."

Ban yafe maka wannan maganar ba sai da na rama, kuma ramawar ta ɗauke ni wata biyu.

Baba Bamidele yana da doka a bencinsa, kuma duk wanda ya zauna wurin ya san ta. In ka taɓa ɗa, dole ka tafi da shi. Wadda ta fi wannan ƙarfi kuwa ita ce: ba sadaka. Duk wanda aka kama ya bar wa abokin wasansa ɗa da gangan, don tausayi ko don ganin girma, wata guda ba zai hau bencin ba. Tsohon yakan ce wanda ya ci ka ya ɗauke ka mutum, wanda ya bar maka wasa kuwa ya gaya maka kai ba kowa ba ne. Ka tuna Chuks mai sayar da kayan babur, ranar da ya bar wa surukinsa wasa don yana neman 'yar mutumin? Tsohon bai ko ɗago daga kan keken ɗinki ba, ya ce, "Chuks, sai wata mai zuwa." An yi bikin, an kai amarya, Chuks yana tsaye a bayan benci yana kallo kamar baƙo. Mu biyu mun ɗauki dokar nan da gaske fiye da kowa. Baba Bamidele ya rasu, bencin ya karye, layin ya koma shagunan waya, amma ni da kai muka ci gaba da riƙe ta.

Mu 'yan Sabon Gari da ƙara muke wasa. Mutum ya ɗaga ɗa sama ya buga shi a allo, sai an ji a shago na uku. Kai kuwa da yatsa ɗaya kake turawa, a hankali, kamar mai rufe iri da ƙasa. Kullum baƙaƙe kake ɗauka, ban taɓa ganin ka zaɓi farare ba. Idan na yi tafiyar wauta ba ka gaggawar ci. Sai ka gyara hula, ka dube ni, ka ce, "Ka gama tunani?" Daga nan sai ka kwashe uku. Kalmomin nan sun fi cin kansa zafi, kuma yau babu abin da ba zan bayar ba don in sake jin su.

Wasan ya shiga gidajenmu ba da saninmu ba. Ranar Salla muna Samaru, ranar Kirsimeti kuna Sabon Gari. Mu muna waje da allo, Janet da matarka Hafsatu suna ciki da lido, kuma hayaniyarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Janet tana da wata irin ƙirga, idan ta jefa biyar takan isa gida na shida, Hafsatu kuma ta kama hannunta tana salati tana dariya, yara suna rantse-rantse kowa yana bayan uwarsa. 'Yarka Raudatu ce kaɗai ta ƙi lido. Tana shekara tara ta zo ta durƙusa a gefen allonmu ta ce a koya mata. Shekara uku kana cin yarinyar nan ba sassauci. Ta yi kuka, Hafsatu ta yi maka faɗa, ni da kaina na ce, "Haba Usaid, yarinya ce fa." Ka ce idan ka bar mata yau, duk ranar da ta ci da gaske ba za ta yarda ta ci ba. Ranar da ta ci ka kuwa, da sarki ɗaya ta kore naka biyu, ka tashi ka kamo zakaran gidan ka yanka. Har Sabon Gari aka aiko mana da romo.

Amma a wajen allo, kai mutum ne mai sadaka a ɓoye, kuma na daɗe da gano ka. Lokacin da waya ta zo kowa ya daina ɗaura agogo, shagona ya yi tsit, sai ka fara zuwa duk Asabar da agogo biyu ko uku a aljihu. Wannan na wani abokin aikinka ne, wancan na limaminku, wannan na maƙwabci. Na yi ta gyarawa ina murna mutanen Samaru ba su bar gargajiya ba. Sai wata rana na buɗe bayan wani agogo na ga alamar da nake yi da allura, na gane sau uku ke nan yana zuwa hannuna cikin shekara guda, kuma babu abin da ya same shi sai dai wani ya sassauta masa ƙusa da gangan. Na ɗaure ƙusar na miƙa maka, ka karɓa kana yaba aikina. Na ji kunya ranar, na kuma ji daɗi, amma na ajiye a raina cewa kai mutum ne da ya iya taimako ta bayan fage. Wannan sanin da na yi maka shi ne daga baya ya kai ni ya baro.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da ni a banɗaki. Na tashi ɓarin dama ba nawa ba. Hannun da yake ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ya koma ba ya iya riƙe cokali. Mutane sun zo dubiya, Allah Ya saka musu. Sun zo sau ɗaya, wasu sau biyu, suna yi mini magana da irin muryar da ake yi wa ƙaramin yaro. Kowa ya yarda da duk abin da na faɗa. Da na ce rana daga yamma take fitowa, da an ce, "Gaskiya ne, Baba, sannu." A lokacin na gane an riga an cire ni daga cikin maza.

Kai kuwa sai ga ka ranar Asabar, da allo a cikin tsohon buhun shinkafa, ka hawo motar haya daga Samaru. Ka jera 'ya'ya a kan teburin baranda. Na miƙa hannun hagu, ka buge shi. Ka ce, "Wannan hannun ban san shi ba. Wanda na saba ci shi zai yi wasa." Na zage ka, Allah Ya sani na zage ka. Ka naɗe hannu kana jira. Na fi minti biyar ina jan hannun dama a kan allo kafin na tura ɗa guda gida ɗaya, gumi yana zuba, yawu yana zubo mini ta gefen baki. Ka dube ni, ka gyara hula, ka ce, "Ka gama tunani?" Ka cinye shi.

Na yi kuka bayan ka tafi, Janet ta ɗauka baƙin ciki ne. Ba shi ba ne. A duk garin nan mutum ɗaya ya rage da yake ganin na isa a ci ni.

Ba ka fasa Asabar ko ɗaya ba, ko ana ruwa ko ana azumi. Janet ta ware maka buta da tabarma a kusurwar baranda, babu mai taɓa su. Wata ashirin kana ci na ba ƙaƙƙautawa, hannun kuma yana dawowa kaɗan-kaɗan. Da shi nake rubuta wannan takarda. Mako uku ke nan ina kanta, layi biyar in huta, domin na san ba za ka karɓi rubutun hagu ba.

A cikin watan Afrilu na fara cin ka. Ranar farko har maƙwabta suka ji ihuna. Aka sake, aka kuma sakewa. Sai murnar ta fara tsami. Mutumin da yake hango tafiya shida gaba ya koma yana barin ɗa a fili. Ka fara cewa mu jawo teburin bakin baranda, wai nan ya fi iska. Ka fara karkata kai gefe idan kana duban allo, kana shafa 'ya'ya da yatsa kafin ka zaɓa. Wata Asabar ka ce, "Yau ba ni fararen." Shekara arba'in kana riƙe da baƙaƙe, ka ce in ba ka farare, ni kuma ban tambaye ka dalili ba. Ni da na ƙare rayuwata da gilashi maƙale a ido, ina gano ɗan gashin da ya tsayar da agogo, na zauna gaban abokina wata uku ban ga abin da yake gabana ba. Abin da na tuna kawai shi ne agogon nan mai sassautacciyar ƙusa. Na ce a raina, ya koma halinsa, yanzu kuma a kan allo.

Ranar Asabar, biyar ga Yuli, ka tura ɗa cikin wani rami da ko Raudatu tana shekara tara ba za ta faɗa ba. Uku zan ci, in fita sarki. Na dube ka, ina jiran in ga ko kunya za ta kama ka. Fuskarka ba ta nuna komai ba. Sai na sa hannun hagu, wanda ka hana shi taɓa allonka, na share komai ƙasa.

Zan rubuta abin da na faɗa, domin Janet ta ji, Allah kuma Ya ji, babu amfanin in gyara shi. Na ce, "Ni ba mabaraci ba ne, Usaid. In sadaka ka zo yi, ka san inda ake kai ta. Kada ka ƙara tako mini gida da wannan allon."

Ka sauka a kan gwiwoyinka, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, kana tattara 'ya'ya. Yanzu nake tuna yadda ka yi: da tafin hannu kake laluben siminti, har kana wuce wanda yake kusa da gwiwarka ta hagu. Janet ta fito da gudu ta taya ka. Ka zuba su a buhu kana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Saura fari guda." Ta duba ƙarƙashin kujera ba ta gani ba. Ka miƙe ka karkaɗe wandonka, ka ce, "Ba komai. A ajiye mini shi." Ka yi mata sallama, ka yi mini, ni na kau da kai.

Washegari ta share shi daga bayan tukunyar fulawa ta miƙo mini. Ta kira ni da sunan 'yarmu, ta ce, "Baban Peculiar, ka kira mutumin nan." Na ce shi ya yi laifi, shi zai kira. Ta sake faɗa ranar Laraba, na daka mata tsawa. Asabar ta zagayo, na yi wanka da wuri na zauna a baranda, ina cewa shan iska nake yi. Azahar ta wuce, La'asar ta wuce, ba ka zo ba. Na ce to, ashe shi ma ya iya fushi, mu zuba mu gani. A daidai wannan lokacin kana kwance da robar ruwa a hannu, lambarka kuma tana cikin wayar da ke aljihuna.

Ranar addu'ar uku aka zaunar da ni a kujera a ƙofar gidanka, cikin mutane. Bayan an shafa, yayanka ya miƙe ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa, don girman Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah Ya yafe mana." Ni kuwa fa? Me zan yafe maka? Na yi ta jira ko wani zai miƙe ya ce, wanda kuma ya saɓa wa marigayin fa, ina zai kai nasa? Babu wanda ya tambaya. Aka raba goro da dabino, mutane suka fara neman takalmansu.

Raudatu ce ta same ni bayan an watse. Yanzu malamar makaranta ce, da 'ya'yanta uku, amma ta durƙusa a gefen kujerata kamar yadda take yi a gefen allo. Ita ta gaya mini. Tun watan Maris likitoci suka ga wani ƙari a cikin kanka yana danne jijiyar gani. Ɓarin hagu na duk abin da ka kalla ya ɗauke, sauran kuma yana dushewa, har baƙin ɗa a kan baƙin gida ba ka rarrabe shi. Sun hana ka hawa mota kai kaɗai, ka ce Asabar ba ta cikin lissafin likita. Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ta ce, "Shi ya hana, Baba. Har Umma sai da ya sa ta yi alkawari. Cewa ya yi, in Martins ya sani, zai fara bar mini wasa."

Usaid, ka ji abin da muka yi wa juna? Kana ta fama da rabin allo, kana wasa da iyakar ƙarfinka, kana ɓoye ciwonka don kada in raina ka da tausayi. Ni kuma na dubi ƙoƙarin nan naka na kira shi raini. Tun ranar nake maimaita wasanninmu na wata ukun nan a kaina, domin ka san ba ma manta wasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan da na ce ka bar mini, a hagunka yake. Babu ko guda a dama. Da na tsaya na duba sau ɗaya, da na gani.

Na kama hannun Raudatu na tambaye ta ko ka ambace ni a asibiti. Ta ce ranar Asabar ka farka ka tambayi wace rana ce, da aka gaya maka sai ka fara neman hularka, sai da Umaru ya riƙe ka. Na ce, "Ya ce ya yafe mini?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Raudatu, 'yata, ki ce ya faɗa. Ko bai faɗa ba ki ce ya faɗa, ni zan yarda." Hawaye yana zuba a fuskarta, amma ta girgiza kai. Ta ce, "Baba, bai faɗa ba. Bai ce ya yafe ba, bai kuma taɓa gaya mana an yi masa laifi ba. Sai a bakin Mama Janet muka ji. In na ce maka ya faɗa, gobe ba za ka yarda da ni ba."

'Yarka ce, babu shakka. Kai ka rene ta a kan wannan, ni kuma ina gefe ina kallo.

Bayan kwana bakwai Umaru ya kawo mini buhun shinkafar nan. Ya ce tun kafin bakinka ya rufe ka ce a kai wa Martins allon, cikon yana wurinsa. Iyakar saƙon ke nan. Na juya maganar nan ta kowace fuska har kaina ya yi zafi. Wani lokaci in ce wannan ai yafiya ce, mutum ba ya bar wa wanda yake riƙe da shi a zuci abin da ya fi so. Wani lokaci kuma in tuna ni na ce kada ka ƙara tako mini gida da allon, sai in ce ko amsa ce ka aiko: ga shi ya zo, ni ban tako ba. Fastonmu ya ce in bar wa Allah. Janet ta ce ta san zuciyarka, ba ka riƙo. Duk na ji, kuma na san suna so in samu barci ne. Wanda zai faɗa in yarda, shi ne ba ya nan.

Na zuba 'ya'yan a teburi, na fito da farin nan daga aljihuna na haɗa, suka cika arba'in. Ban iya jera su ba. Buta da tabarmarka suna nan a kusurwa, Janet ta tambaye ni ko ta ɗauke, na ce ta bar su tukuna.

Allah Ya jiƙanka, Usaid. Allah Ya haskaka kabarinka fiye da hasken da ka rasa a watanninka na ƙarshe. Ya saka maka da kowace Asabar da ka hau mota da rabin gani don ka zauna gaban wani gurgu mai baƙin rai, da kowane agogo da ka sassauta wa ƙusa, da gonakin mutane da ka taka kana koya musu abin da zai cika musu rumbu. Ya sa ka huta hutun da babu ciwo a cikinsa.

Hajiya Hafsatu, ina yi miki gaisuwa, ni da Janet da 'ya'yanmu. Allah Ya ba ki haƙuri da ƙarfin zaman takaba, Ya sa ki ga alheri a bayansa. Kin riƙe alkawarinsa, ban ga laifinki ba, ke ma ki yafe mini abin da na yi wa mijinki. Umaru, Raudatu, da ƙannenku da jikoki, Allah Ya rufa muku asiri, Ya haɗa kanku, Ya ba ku irin zuciyarsa. Ga 'yan'uwa da maƙwabta na Samaru, da 'yan tsirarun da suka rage daga bencin Baba Bamidele, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Saura kai, abokina. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa roƙon ka ka bar mini ko ɗa guda ba, kuma ina alfahari da haka har ranar da alfaharin ya sa na kore ka daga gidana. Yau na sauke. Wannan karon ban yi tunani ba, ban ci ba, babu kuma wata tafiya da ta rage mini a kan allon. Ban cancanci abin da nake nema ba, na sani, shi ya sa ba zan kira shi da wani suna ba. Sadaka nake roƙo, Usaid. Ka yafe mini.